ASKIN MAGARYA MAI AURE

Kowa ya san magaryar daji, mai ƙananan ƴaƴa da ƙaya da yawa. Akwai kuma magarya mai aure, wadda ake ce ma pom di Sahel. Irinta daga ƙasar Indiya ya fito, kamar Gola da Umran. Ana ɗaukar idon reshensu a aura shi bisa gindin magaryar daji. Tashar binciken noma ta Sadore, kusa da Yamai, ta taimaka wajen yaɗa ta. Ɗanta guda yana kai girman ƙwan zabo, yana da kuɗi a kasuwa.

Amma wannan icce yana son aski kowace shekara. Dalili shi ne, bisa sababbin rassa kaɗai yake yin fure da ƴaƴa. Tsohon reshe sai tsawo, ya sunkuya har ƙasa. Manomin da ya ji tausayin iccensa ya ƙi sara, ƙananan ƴaƴa zai samu, kuma kaɗan.

Lokacin aski shi ne bazara, wajen watan Mayu, bayan an gama tsinkar ƴaƴa, ganye ya zube, ruwan farko bai sauka ba. A bar manyan rassa 3 ko 4 masu kallon kusurwa dabam-dabam. Rassan da suka fito bara a datse su, a bar kamar taƙi ɗaya. Busasshe da mai ciwo da wanda ya gitta cikin ɗan'uwansa, duka a fidda su. A yi aiki da zarto ko almakashin lambu mai kaifi. Adda maras kaifi tana tsaga reshe, ƙwari su shiga.

Ga wani abu da ke kashe wannan icce. Gindinsa na daji ne, kuma bai manta ba. Yakan fidda toho ƙarƙashin wurin aure. Ana gane shi da ƙaramin ganye da yawan ƙaya. Yana da ƙarfin tsiro ƙwarai. In aka bar shi, sai ya shanye abincin icce, reshen aure ya rame ya mutu. Mai lambu ya yi ta ban ruwa, ashe magaryar daji yake reno. Wannan toho ba a jiran bazara a kansa. Ranar da aka gan shi, ranar ake cire shi daga tushe.

Rassan da aka sare kada a ƙone su. A kewaye iccen da su, saboda awaki suna son sabon toho. Bayan aski a zuba taki ruɓaɓɓe kewaye da gindi, kada ya taɓa jikin icce.