Idan Tsoho Ya Fara Zabura

"Likita, Baba zabura yake yi." Haka iyalai daga cikin garin Kano, Yakasai ko Mandawari ko Koki, sukan fara mana bayani, galibi bayan an sha rubutu an gaji da ruƙiyya. Hannu ko ƙafa ta fizge farat ɗaya ba da son mai ita ba. A buga ƙofa da ƙarfi ko a taɓa shi ba zato, jikin gaba ɗaya ya firgita.

Tambayar da na fi damuwa da ita ita ce: yaushe ya fara ruɗewa? Gigin tsufa shekaru yake ɗauka. Amma dattijon da yake zaune a rumfarsa ta kasuwar Kurmi da azumi, kafin babbar salla ya kasa gane 'ya'yansa, yana tangaɗi, ga zabura, wannan sai mu tuna da cutar Creutzfeldt-Jakob, wadda likitocin Jamus biyu suka bayyana a 1920 da 1921. Wani furotin ne na ƙwaƙwalwa yake lanƙwashewa ba daidai ba, ya riƙa lalata 'yan uwansa har ƙwaƙwalwar ta yi huji-huji kamar soso. Stanley Prusiner na Amurka ya samu kyautar Nobel a 1997 kan gano wannan furotin. Cutar ba ta da yawa, mutum ɗaya zuwa biyu cikin miliyan a shekara, yawanci 'yan shekara 60 da ɗoriya. Ba ta da magani, kuma akasarin masu ita ba sa cika shekara.

To me ya sa nake cewa a garzayo? Domin mafi yawan zaburar da muke gani ba ita ba ce. Ciwon ƙoda, ciwon hanta, kumburin ƙwaƙwalwa da wasu ƙwayoyin da ake saya a kemis duk suna kawo ta, kuma ana iya yin wani abu a kansu. Gwajin jini ne farko. Hoton MRI da awon EEG sai a asibitin ƙwararru irin na Malam Aminu Kano. Ku ɗauko mana bidiyon zaburar a waya, don sau da yawa ba ta zuwa a gabanmu.

Idan kuwa cutar Creutzfeldt-Jakob ce, kada a guji majinyacin. Ba a ɗaukarta ta musafaha, jinya ko cin abinci tare. Clonazepam kan rage fizgar bisa umarnin likita. A rage hayaniya a ɗakinsa, a yi masa sallama a hankali kafin a taɓa shi, a kuma sauke shimfiɗarsa ƙasa don kada ya faɗo.