Lambun Bayan Gida da Maganin Matsalolinsa

Ya kai mai gida, da ke uwargida, wannan darasi naku ne. Ɗan fili mai taku 10 a tsaye, 10 a kwance, ya isa a riƙa samun ganyen miya a gida. Zogale da alayyafo da rama da kabewa da karas suna ƙara jini, suna kuma tsare yara daga dundumi, watau rashin gani da dare. A riƙa sa ɗan man gyaɗa ko manja a miyar, gama da mai ne jiki ya ke cin amfanin ganye sosai.

Amma mutane da yawa su kan fara lambu, in wahala ta zo sai su bari. Waɗansu kuwa garin neman magani su kan jawo cuta cikin gida. To, ga matsaloli 5 da yadda za ka yi da su ba tare da ka cuci iyalinka ba.

1. AWAKI DA KAJI

Kafin ka shuka kome, yi shinge. Kafa kara ko zana, ka tare gindin da ƙaya. Da farkon damina ka dasa rassan zogale ta ciki, su zama dirka, ku kuma ci ganyensu. Kada ka yi shinge da bini-da-zugu inda yara ke wasa. 'Ya'yansa guba ne, yaro kuwa ya kan ɗauka gyaɗa ce.

2. ƘASA TA GAJI

In ganye ya yi rawaya, shuka ta tsugune ba ta girma, galibi yunwa ta ke ji. Haƙa rami mai zurfin ƙafa 3 nesa da rijiya. Zuba shara da ganye da kashin dabbobi da toka, hawa bisa hawa. Yayyafa ruwa, ka rufe da ƙasa. Ka juya shi bayan kowane mako 3. Cikin kamar wata 3 zai ruɓe, ya yi baƙi, ba wari. Wannan shi ne takin kirki.

Lalle kada ka sa ɗanyen kashin mutum a lambu, kada kuma yara su tsuguna a ciki. Ƙwayayen tsutsar ciki da ƙwayoyin taifod da kwalara suna cikinsa, su kan manne wa ganye har su kai baki. Akwai kuma wata tsutsa da ke shiga ta tafin ƙafa, ta zauna a hanji tana shan jini. Don haka kowa ya shiga masai, mai aikin lambu kuma ya sa takalmi.

3. RUWA

Ba da ruwa da sassafe ko da la'asar, a gindin shuka, ba a kan ganye ba. Ka rufe gindin da busasshiyar ciyawa don laima ta daɗe. In ka ga ƙasan tumatir ya yi baƙi ya lotsa, sau da yawa rashin daidaita ruwa ne, yau a cika, gobe a manta. Ba shi kaɗan-kaɗan kullum.

Ruwan wanke hatsi da na ɗauraye kwano suna da amfani, kada uwargida ta zubar. Amma ruwan kwata da na wankin tsumman jariri, a nisanta su da lambu.

Ka lura da wannan ƙwarai. Sauro ya kan yi ƙwai a ruwan da ke kwance, cikin kwana 7 zuwa 10 sai su zama sauro masu cizo, su kawo zazzaɓi. Rufe randa da tulu. Kife gwangwani da fasasshiyar tukunya. Cike kududdufi da ƙasa. Sare doguwar ciyawa kewaye da gida, domin nan sauro da maciji su ke fakewa.

4. ƘWARI DA TSUTSA

Ka zaga lambunka kowace safiya, kana ɗaga ganye kana duba bayansa. Tsutsar da ka gani, tsince ta da hannu, ka ba kaji. Barbaɗa toka a kan ganye tun da sauran raɓa.

In ƙwari sun yi yawa, ga magani a ƙofar gidanka. Tara busassun 'ya'yan darbejiya, wadda waɗansu ke kira dogon yaro ko maina. Daka rabin kilo, ka jiƙa a lita 10 na ruwa su kwana. Tace da ƙyalle, ka yayyafa da tsintsiya da yamma, sau ɗaya a mako.

Akwai wata ƙaramar tsutsa da manoma ke kira sharon. Ta kan shiga cikin ganyen tumatir ta yi hanya fara-fara, sa'an nan ta huda 'ya'yan. A 2016 ta yi ɓarna mai yawa a Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina. In ka gan ta, cire ganye da 'ya'yan da suka kamu, ka ƙone ko ka binne da zurfi, ka kuma gaya wa malamin gona.

Maganin ƙwari na kanti dafi ne. Kada ka saya sai da shawarar malamin gona, ka kuma tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a tsinki ganye. Kada ka juye shi a kwalbar lemo. Kada ka aje shi kusa da abinci, ko inda hannun yaro zai kai. In wani ya sha, kada a sa shi amai, kada a ba shi madara ko manja. A kai shi asibiti maza-maza, tare da kwalbar, don likita ya san irin dafin.

5. SHUKA TANA YAUSHI GA KUWA RUWA

Tuge ɗaya ka duba saiwar. In ta yi ƙulle-ƙulle kamar tsakiya, waɗansu tsutsotsi ne a ƙasa waɗanda ido ba ya gani. Sun fi son tumatir da kuɓewa da gauta. Ƙone waɗanda suka kamu. Baɗi ka sa masara ko gero a wurin, ka ƙara taki, ka kai tumatir wani gefe.

KAFIN A CI

Uwargida, wanke hannu da sabulu. Wanke ganye da ruwa mai tsabta, tun ba latas da tumatir da a kan ci ɗanye ba. Kada ki dafa ganye har ya narke. Yaro da ya cika wata 6, a riƙa dama masa ɗan garin zogale a kunu, yana kuma ci gaba da shan nono. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Don me ba a shinge da bini-da-zugu inda yara ke wasa?
2. Kwana nawa ƙwan sauro ke yi kafin ya zama sauro?
3. Me za ka yi in yaro ya sha maganin ƙwari?

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa.