Darasi: Kada A Ɗaure Mutum Ba A Sanar Da Shi Ba

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata ba na taki ba ne, ba na iri ba. Na shari'a ne. Mun zaɓe shi domin da yawa daga cikinmu mun taɓa tsaya wa ɗa ko ƙane a kotu.

Kowa ya san talala: a ɗaure akuya da doguwar igiya, tana kiwo amma ba ta wuce iyaka. Wani lokaci haka alƙali yakan yi da mai laifi. Maimakon ya aika shi gidan yari, sai ya sake shi ya koma gida bisa sharuɗɗa: kada ya sake laifi, ya riƙa zuwa wurin ma'aikacin da ke lura da shi, ya biya tara ko diyya. Wannan muke kira ɗaurin talala. To, in aka ce ya karya sharaɗi fa? Sai a tisa ƙeyarsa kurkuku nan take?

An yi wannan gardama sosai a ƙasar Amurka, don haka can za mu duba. A shekara ta 1965, a jihar Wiskonsin, wani mutum mai suna Gerald Scarpelli ya amsa laifin fashi. Aka yanke masa shekara 15, amma aka jingine hukuncin, aka ba shi talala ta shekara 7. Ba a daɗe ba sai aka kama shi a jihar Ilinoyi, ana zarginsa da fasa gida. Hukuma ta soke talalarsa, ta kai shi kurkuku. Ba a yi zaman sauraron maganarsa ba ko sau ɗaya.

Mai yiwuwa wani ya ce, "Ai shi ya jawo wa kansa." Mu ma ba mu ce mutumin kirki ne ba. Amma a 1973 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ce abin da aka yi masa ba daidai ba ne. Ta bi ƙa'idar da ta kafa a 1972 cikin shari'ar Morrissey, ta ce sai an yi zama biyu. Na farko, a duba ko akwai dalilin zargi. Na biyu, a yanke magana. Kafin zama na biyu dole a ba mutum takarda a rubuce, mai faɗin sharaɗin da ake cewa ya karya. A nuna masa shaidar da ake da ita. A bar shi ya yi magana da bakinsa, ya kawo shaidunsa, ya yi wa masu zarginsa tambaya, sai dai in akwai dalili mai ƙarfi na hanawa. Masu yanke hukuncin kuma su zama 'yan ba-ruwanmu, su rubuta dalilinsu.

Me ya sa takardar ta zo da fari? Domin wanda bai san abin da ake zarginsa da shi ba, ba ya iya shiri. In takarda ta ce ka ƙi zuwa ofis ran kaza, za ka iya kawo katin asibiti na ranar. In sai a gaban alƙali ka fara jin maganar, katin yana gida, kai kuwa kana hanyar kurkuku.

Shari'a ta biyu ta fi taɓa mu. A 1980, a jihar Jojiya, aka ba Danny Bearden talala, da sharaɗin ya biya tara dala 500 da diyya dala 250. Ya ranto dala 200 wurin iyayensa ya biya. Sai aka sallame shi daga aiki. Bai iya karatu ba, ya nemi wani aikin bai samu ba. Ya gaya wa ofis cewa zai makara da biya, duk da haka aka ɗaure shi. A 1983 Kotun Ƙoli ta ce dole alƙali ya fara tambayar dalilin rashin biya. Wanda yake da kuɗi ya ƙi, a iya ɗaure shi. Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kasa, sai a fara duba wata hanya, kamar ƙara masa lokaci, ko rage tarar, ko ba shi aikin jama'a. Duk manomin da fari ya taɓa cinye masa gona ya san bambancin ƙi da kasawa.

Hukuncin Amurka ba ya aiki a kotunanmu, kada mu ruɗe. Amma a Nijeriya ma akwai talala cikin dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, jihohi da yawa kuma sun yi tasu. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa dalla-dalla cikin harshen da yake ji, a ba shi isasshen lokacin shirya kāriya. In an ce mai talala ya karya sharaɗi, kotu tana iya aika sammaci gare shi har da waɗanda suka tsaya masa.

Saboda haka, in takardar kotu ta zo wa ɗan ƙungiya, kada a cusa ta ƙarƙashin tabarma. A kai wa magatakarda ya karanta a ranar. A duba wane sharaɗi aka ambata, da ranar zama, da kotun. In ba a faɗi sharaɗin ba, a roƙi alƙali a faɗa, a kuma nemi lokaci da tafinta. Kowane kobo na tara da aka biya, a karɓi rasit a adana. A taronku na gaba, ku zaɓi mutum biyu da za su riƙa raka ɗan'uwa kotu ran zama.