Darasi na 14: Yadda Ake Ƙara wa Ƙafa Ƙarfi

Jama'a, ƙafa ita ce ginshiƙin jiki. Ita ke kai mutum gona da kasuwa da masallaci. In ta yi rauni, sai aiki ya tsaya, cefane ya gagara.

Ku dubi 'yan dako a Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Ku dubi kaurin cinyoyinsu. A zamanin dalar gyada ma, wajen 1950 zuwa 1970, da buhu a ka 'yan dako suka riƙa hawa har ƙololuwa. Ba laya ce ta ba su wannan ƙarfi ba. Nauyi ne ya gina su.

Tsokar ƙafa

A gaban cinya akwai tsoka 4, su ke miƙe gwiwa. A bayanta akwai 3, su ke lanƙwasa ta. Sha-raɓa kuwa ita ke ɗaga diddige. In tsoka ta ɗauki nauyin da ya ɗan fi wanda ta saba, sai ta gaji. In ta sami abinci da hutu, sai ta farfaɗo, ta ƙara kauri. Ashe abu uku ake bukata: nauyi, da abinci, da hutu.

Aiki uku

1. Tsuguno. Ka tsaya, ka ware ƙafa daidai faɗin kafaɗa. Ka rungume buhun yashi a ƙirji. Ka sauka a hankali kamar za ka zauna a kan kujera. Kada ka ranƙwafa baya, kada diddige ya bar ƙasa. Sa'an nan ka miƙe. Ka yi sau 10, ka huta, ka sake har zagaye 3.

2. Hawa. Ka sami dakali mai ƙwari. Ka hau da ƙafar dama sau 10, da ta hagu sau 10. Mutanen unguwar Dala suna da matakalar dutse kusa da su, sai su hau da sassafe.

3. Ɗage. Ka dafa bango, ka tsaya a kan yatsu, ka sauko sannu. Sau 15.

Sabon shiga ya fara da jikinsa kaɗai, ba kaya. Bayan mako 2 ya ɗauki ɗan nauyi. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, saboda haka jarka mai lita 10 kilo 10 ke nan. In sau 10 ya zama wasa, sai a ƙara kilo 1 ko 2. Sannu ba ta hana zuwa.

Kwana 2 ko 3 a mako sun isa, amma a bar kwana guda a tsakani. A lokacin hutu tsoka take girma.

Abinci da tsaro

Wake, da gyada, da ƙuli-ƙuli, da awara, da nono, da ƙwai, da kifi, su ke gina tsoka. Ka ci su tare da tuwo, ka sha ruwa, ka yi barci isasshe.

Kada ka riƙe numfashi kana ɗaga kaya. Tsamin jiki na kwana 1 ko 2 ba kome ba ne, amma in gwiwa ko baya ya soke ka, ka tsaya. Mai hawan jini ko mai gwaiwa ya ga likita tukuna. Ka guji ƙwaya da allurar ƙara ƙwanji, gama suna ɓata hanta da zuciya.

Wannan aiki na maza ne da mata, har da dattawa. Tsoka takan ragu da shekaru. Wanda ya kiyaye tasa, shi ke tashi daga tabarma ba a kama shi ba.

Tambayoyi

1. Tsoka nawa ce a gaban cinya?
2. Faɗi abu uku da ke sa tsoka girma.
3. Audu ya yi tsuguno sau 10 har zagaye 3. Sau nawa ke nan duka?
4. Rubuta a littafinka: Lafiya uwar jiki.