Shinge a Cikin Gida: Nazarin Tsarin Tsaro a Dandalin Harshen Java

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1995 kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya fitar da harshen tsara manhaja na Java, tare da alƙawari mai nauyi: mutum zai iya sauko da ƙaramar manhaja daga intanet, ko da bai san wanda ya rubuta ta ba, ya gudanar da ita a burauzarsa ba tare da ta taɓa fayilolinsa ba. Wannan maƙala ta bibiyi tsarin da aka gina domin cika wannan alƙawari, da dalilin jingine wani ɓangare nasa bayan shekara talatin.

2.0 Ginshiƙan Tsarin

Tsarin ya tsayu ne a kan ginshiƙai uku. Na farko shi ne mai tantance umarni, wanda ke bincikar manhaja kafin ta fara aiki, don tabbatar da cewa ba za ta kutsa ma'adanar kwamfuta ta haramtacciyar hanya ba. Na biyu shi ne mai loda sassan manhaja, wanda ke riƙe da asalin kowane sashe, ya kuma hana baƙo yin shigar burtu da sunan ɗan gida. Na uku shi ne manajan tsaro, wanda ake neman yardarsa kafin buɗe fayil ko ƙulla sadarwa.

3.0 Bunƙasar Tsarin

A fitowar 1996, manhajar da ke cikin kwamfuta tana da cikakken 'yanci, wadda ta zo daga intanet kuwa tana killace. A 1997 aka bai wa baƙuwar manhaja mai ɗauke da amintaccen sa-hannun lantarki matsayin 'yar gida. Sai a 1998, ƙarƙashin jagorancin Li Gong, aka zo da izini daki-daki. Duk lokacin da aka nemi yin aiki mai hatsari, ana bin jerin sassan da suka kira juna har aka iso wurin. Matuƙar ɗaya daga cikinsu ba shi da izini, an hana aikin.

4.0 Raunin Tsarin

Wannan dabara ta ɗora nauyi a kan kowane sashe na taskar Java, mai ɗauke da dubban sassa. Mantuwa da bincike a wuri guda ta isa ta buɗe shingen baki ɗaya, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Janairun 2013 Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta Amurka ta shawarci jama'a su kashe Java a burauzarsu. A manyan kwamfutocin kamfanoni kuwa, manajan tsaro a kashe yake zuwa, kuma wahalar tsara izini ta sa kaɗan ne ke kunna shi. Kamfanin Oracle, wanda ya sayi Sun a 2010, ya ayyana shirin cire shi a Java 17 (2021), sannan aka dakatar da shi dindindin a Java 24 (2025).

5.0 Kammalawa

Mai tantance umarni da mai loda sassa suna nan daram, saboda aikinsu bai rataya a kan kulawar kowane mai rubuta manhaja ba. Killace manhajar da ba a aminta da ita ba kuwa ya koma hannun babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, inda ƙofofin da ake gadi ba su da yawa.