Ƙaramar Roba, Babban Hatsari

A Amurka, masu sabunta tsofaffin motoci sukan dasa sandar giyar otomatik a ƙasa, kusa da kujerar direba. Ƙarfe ko waya ke haɗa sandar da akwatin giya, ƙaramar roba kuma ke riƙe bakin wayar. Idan zafi ya cinye robar, ko ba a daidaita wayar ba, direba zai sa sanda a P alhali giya ba ta shiga ba, sai mota ta gangara. A 2022 kamfanin Ford ya nemi a dawo da motoci kimanin miliyan 2.9 domin gyaran wannan roba. Saboda haka mu riƙa jan birkin hannu, mu kuma yi aminci cikin ƙananan ayyukan da Allah ya ba mu.