Darasi Na 14: Jirgin Ƙasa Na Kara

Kowa ya san motar kara, wadda yara su ke yi bayan an yanke dawa. Ran nan a Na'ibawa muka ga wani yaro ya yi jirgin ƙasa da kara, yana ja da zare. Aikin ya yi kyau, sai dai ƙafafun sun fi taragon girma, direban kuma ya fi kan jirgin tsawo. Muka yi dariya. Daga baya muka ga ashe akwai karatu a ciki.

Jirgin da mu ke so mu kwaikwaya shi ne irin na farko, mai wuta da ruwa. An fara shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, cikin 1907, domin nan ne jiragen ruwa su ke sauke ƙarafa. Dogon ya biyo ta Zariya, ya haye kogin Calawa, ya iso Kano cikin 1911, zamanin Sarki Abbas. Shi ya riƙa kwasar gyaɗa da fatu zuwa Ikko. Ta gefen Sharaɗa ya wuce, tun wurin yana gonaki, ba masana'anta ko ɗaya. Yanzu masu hayaƙin nan sun daina aiki, yaranmu ba su taɓa ganinsu ba. In ba mu nuna musu siffarsu daidai ba, wa zai nuna musu?

To, ga asirin aikin. In za a rage abu, sai a rage kowane sashe nasa da awo ɗaya. Masu wannan sana'a a Turai suna da awo iri iri. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne a rage kome sau 87. Mu sau 84 za mu rage, don ya fi sauƙin lissafi. Watau inci 1 a wurinmu ya tsaya a madadin ƙafa 7.

Mu gwada. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe na tsohon dogonmu ƙafa 3 ne da inci 6, rabin ƙafa 7 ke nan. Saboda haka tsakanin layukanmu biyu rabin inci ne cif. In tsawon tarago ƙafa 28 ne, namu inci 4. Direba fa? Ko dogon mutum ne bai kai ƙafa 7 ba, don haka kada namu ya cika inci guda. Nan yaron nan ya kuskure. Ya auna da ido, ido kuwa ya kan ruɗi mai shi.

Wanda hannunsa ya faɗa ya iya gwada ƙaramin jirgin da ya riƙa tashi daga Zariya zuwa Jos da Bukur, wanda aka rufe cikin 1957. Faɗin dogonsa ƙafa 2 ne da inci 6, a awonmu ya ɗara sulusin inci kaɗan. Aikin nan sai mai haƙuri.

Kada wani ya ce zai yi hanyar duka. Daga Baro zuwa Kano ya fi mil 350. Ko an rage sau 84, sai an sami fili na fiye da mil 4! Mu tsaya ga gadar Calawa da tasha guda, ya isa.

Kayan aiki ba su da tsada. A nemi guntun katako mai tsawon ƙafa 3, masu yanka a 'Yan Katako su kan zubar da irinsa. A feƙe ɓawon kara siri siri a yi dogo. Totuwa ita ce tukunyar jirgi da bututun hayaƙi. A yanka ƙafafu daga sakaina, a soke su da tsinke. Kada a manta da ɗan taragon da ke bin kan jirgi, mai ɗauke da ruwa da makamashi, don in babu shi jirgin ba ya nisa.

Ran Laraba kowa ya zo da kara uku, da reza, da rula in yana da ita. Wanda ba shi da rula, za mu zana masa inci 6 a jikin kwali. Kafin nan ku lissafa wannan a littafinku: ɗakin tasha mai tsawon ƙafa 42, inci nawa zai zama?